Fargabar Jajibirin Shiga Jirgin Ruwa

Bakano ba ya tsoron hanya. Ka ce masa gobe da asuba za a kama hanyar Legas a bayan motar shanu, zai ce Allah ya kai mu. Ka ambata masa Agadas ko Kwatano ko Bangi, abin da zai fara tambaya shi ne me ake saye a can, me kuma ake sayarwa. Amma ka ce masa a ƙarshen hanyar nan akwai ruwa, sai an shiga jirgi an yi sa'a biyu ba a hango gaɓa, nan take za ka ga ya gyara zama, ya ture hula ya sosa ƙeya, ya ce, "To, wai babu wata hanyar ta ƙasa ne?"

Ƙannena, maza da mata, da ku nake. A 'yan shekarun nan, a unguwarmu ta Nassarawa GRA, da wuya a yi wata guda ban ji labarin ɗayanku da tafiyar ruwa ta taso wa ba. Wannan an tura shi bautar ƙasa Bayelsa, daga sansani kuma aka jefa shi Brass ko Akassa, inda sai da jirgi ake shiga. Wancan ya sami aiki a Legas, an gaya masa in ya bi ta ruwa daga Ikorodu zai huta da cunkoson motoci. Wata tana karatu a Alƙahira, ƙawayenta sun shirya yawo a kan kogin Nilu. Ga ango da amarya da aka saya wa tikitin babban jirgin yawon buɗe ido, ga 'yan makaranta da za a kai madatsar ruwan Tiga. Ko wace iri ce tafiyar, abin da ke faruwa a gida kafin ranar iri ɗaya ne, kuma yana ba ni dariya ƙwarai, dariyar ƙauna.

Alamar farko ita ce ladabi. Yaron da sai an aika a taso shi sallar asuba, sai ga shi a sahun farko tun kafin ladan ya gama gyaran murya. Ya biya mai shago bashin katin waya da na lemo, ya biya mai shayin bakin titi, ya mayar da cajar da ya ara tun kafin azumi. Ya kira ƙanwarsa gefe ya nemi ta yafe masa, ita kuwa ta tsaya tana kallonsa, ta rasa wane laifin daga ciki yake nufi. Maigadi ma sai ya sha gaisuwa har da tambayar iyali.

Daga nan sai neman ilmi. Wanda bai taɓa damuwa da hasashen yanayi ba, cikin dare ɗaya ya san ƙarfin iskar da za ta kaɗa a gaɓar Atilantika, ya san zurfin kogin da zai ƙetare, ya san kifayen da ke ciki da tsawon haƙoransu. Wajen ƙarfe ɗaya na dare kuma, maimakon ya kwanta, sai zuciya ta raya masa ya sake kallon fim ɗin Titanic. Jirgin da ya nitse a 1912 bayan ya yi karo da dutsen ƙanƙara, shi yaronmu yake auna tafiyarsa da shi, alhali inda za shi ko ƙanƙarar sanyaya lemo sai an saya.

Hajiya tana can tana haɗa guzuri: dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kunu, yaji, zuma, man shanu, da gorar rubutu a can ƙasa an naɗe ta da leda, har jakar ta nemi fin mai ita nauyi. Gwaggo ta bugo waya daga cikin gari da labarin ɗan maƙwabcin kishiyar wata ƙawarta da 'yan ruwa suka riƙe kwana bakwai, ta kafa sharuɗɗa: kada ya sa jan kaya, kada ya nuna ruwa da yatsa, kada ya amsa in ya ji an kira sunansa. Abokinsa, wanda bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba, ya zo da bayani dalla-dalla kan yadda ake kuɓuta daga bakin kada. Alhaji kuwa yana zaune da rediyonsa, ya ce, "Ku ƙyale yaro, ai namiji ne." Amma in ka leƙa tsakar dare za ka ga fitilar ɗakinsa a kunne, yana kan sallaya, kuma tun da yamma ya riga ya kira duk wanda ya sani tsakanin Fatakwal da Yenagoa.

Kada ɗayanku ya ji kunyar wannan fargaba. Rabin abin da take sa ku yi ma alheri ne. Biyan bashi, neman yafiya, sallama da iyaye da karɓar addu'arsu, duk ladubban tafiya ne da malamai suka daɗe suna koyarwa, sai dai mun saba da mota da jirgin sama har mun daina yi. In ruwa ne ya tuna muku da su, madalla da ruwa.

Tsoron kuma yana da asali. Ba mu tashi da ruwa ba. Tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Kafin a gina madatsun ruwa, kogin Kano da na Challawa yashi ne da rani, da ƙafa ake ƙetare su. Sai a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta Tiga, ta Challawa da ke Ƙaraye kuwa sai 1992. Ruwan da ɗan birni ya sani shi ne rijiya da famfo da kududdufi, kududdufi kuma kowace damina sai ya ci yara. Iyaye mata ba su da katangar da za su kewaye shi da ita, sai suka kewaye shi da labaran 'yan ruwa. Dabarar ta ceci rayuka, ba na raina ta. Illarta ita ce ta bar mu mun girma muna tsoron abin da ke ƙarƙashin ruwa, ba mu iya iyo ba, ba mu kuma san abin da ake dubawa a jikin jirgi ba.

Duk da haka kakanninmu sun shiga. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sai sun ƙetare kogin Kwara da kayansu da jakunansu, a jiragen fito na katako. Alhazan ƙafa sukan bar Kano su ratsa Barno da Wadai da Darfur, wasu su yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don neman guzuri, har su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Mutumin da ya yi wannan doguwar tafiya a kan tudu, a nan zai fara ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, a ce masa ya shiga jirgin da iska ke turawa, Jidda tana can gaba kimanin kilomita 300. Ku yi tunanin daren jajibirinsa. Ba shi da waya, ba shi da wanda zai kira, mahaifiyarsa ma ba ta san ko yana raye ba. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin hajji ta teku, ya bi ta Ingila. A 1943 da 1944 aka kwashi dubban samarin Arewa a jiragen ruwa zuwa Indiya don yaƙin Bama, suka yi makonni a kan teku, da yawansu 'yan ƙauyukan da babban ruwansu shi ne tafkin da shanu ke sha. Babu mai gaya mini cewa gabansu bai faɗi ba. Ya faɗi, suka yi addu'a, suka taka.

Abin da ke faruwa a jikinku daren nan ba ciwo ba ne. Zuciya na bugawa da sauri, baki ya bushe, ciki ya ɗuri ruwa, barci ya ƙaurace, saboda jiki yana shirin fuskantar abin da bai sani ba, irin dai na jajibirin jarrabawa. Yawanci da jirgi ya tashi aka yi 'yan mintoci sai ya lafa. Wanda ya fi damun matafiyi shi ne jiri da tashin zuciya, kuma shi ma an san dalilinsa. A can cikin kunne akwai sashen da ke auna daidaiton jiki. Shi yana jin ana lilo, ido kuwa in yana kallon bango ko fuskar waya sai ya ce a tsaye ake, saɓanin nan ne ke hargitsa ƙwaƙwalwa har ta tayar da ciki. Don haka ku zauna wajen tsakiyar jirgi inda lilo ya fi sauƙi, ku fuskanci gaba, ku sa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, ku ajiye waya. Ku ci abinci kaɗan marar maiƙo, kada ku shiga da yunwa, kada kuma ku far wa kilishin Hajiya a bakin gaɓa. Citta tana taimakon mutane da yawa. Akwai ƙwayoyin da ake sha kafin a shiga, amma suna sa barci, sai ku tambayi likita. In kuma aman ya zo, ya zo, ma'aikatan jirgi sun ga na manyan mutane.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tsoronmu ba ya tsayawa inda haɗarin yake. Muna kwana muna tunanin kada da dorina da 'yan ruwa, sannan mu isa gaɓa mu shiga jirgin da ido ya gaya mana ya cika, mu yi shiru.

Ba sai mun je nesa ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, nan jiharmu, jirgi ya taso daga ƙauyen Badau ɗauke da ɗaliban Islamiyya za su wajen Mauludi. Ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara. An yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A watan Mayu na shekarar, jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150 daga jihar Neja zuwa Warra a jihar Kebbi ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. A Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki da tsakar dare. A farkon Oktoban 2024, kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, jirgi mai ɗauke da kusan mutum 300, yawancinsu mata da yara, ya kife, shi ma da dare. Allah ya jiƙansu da rahama. Ku duba za ku ga dalilan ba sa sauyawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon katako, rashin rigar kariya, da kututturan itatuwa da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, musamman a tafkin Kainji, wanda ya shanye dazuzzuka da tsohon garin Bussa da aka tare kogin Kwara a 1968. A teku ma haka ne. Jirgin Joola na ƙasar Senegal da ya kife a Satumban 2002 ya hallaka fiye da mutum 1,800, ya kuma ɗauki ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka.

Na san yadda abin yake a bakin gaɓa. Kun biya kuɗi, kun zauna. Yaron jirgi yana ta cewa, "A matsa, a matsa, akwai wuri." Aka ɗora babura, aka ɗora buhunan hatsi, aka cusa awaki, aka ƙaro mutane. Ka leƙa ka ga tsakanin ruwa da bakin jirgi bai fi ɗani ɗaya ba. Rana ta yi ja. Zuciyarka ta ce fita. Sai ka waiga ka ga tsofaffin mata zaune hankali kwance da jikoki a cinya, ka tuna in ka miƙe za a ce ga ɗan hutu, ɗan GRA, ya ji tsoro. Ka tambayi rigar kariya a hankali, wani ya yi dariya ya ce, "Malam, ai in kwana ya ƙare, ya ƙare." Sai kunya ta danne ka ka koma ka zauna. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, to bakin ruwa daji ne. Ku miƙe ku fita. Ku bar masa kuɗin in ya ƙi mayarwa. Ku kwana a masallacin garin ko a gidan mai unguwa, ku bi jirgin safe. Dariyar da za a yi muku ba za ta kai la'asar ɗin gobe ba, kuma sau da yawa in mutum ɗaya ya miƙe, sai a ga ashe akwai waɗanda suke jiran wanda zai fara.

Maganar kwana ya ƙare gaskiya ce, babu mai jayayya da ita, amma ba a nan muhallinta yake ba. Ku bi titin Sultan ko titin Alu da dare ku ga gidajenmu: doguwar katanga, waya mai ƙaya a kanta, ƙofar ƙarfe, maigadi da tocila. Ban taɓa jin an ce mai gidan ba shi da tawakkali ba. Wanda ya kulle ƙofarsa don tsare talabijin, ba shi da hujjar ƙin ɗaura riga don tsare ran da Allah ya ba shi amana. Ku karanta addu'ar da Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi da zai shiga jirgi, tana cikin Suratu Hud, aya ta 41, ku sa malaminku ya biya muku ita kafin ranar. Ku karanta ta rigar tana jikinku.

Ba na so kuma ku raina mutanen da kuka tarar a jirgin. Tsohuwar nan ba don ba ta san haɗari ba ta zauna. Ba ta da wata hanya. Babu gada, babu titi, kasuwa rana ɗaya ce a mako, jirgi ɗaya ne, in ya tafi shi ke nan. Mai jirgin ma da tsadar mai yake fama tun da aka janye tallafi a 2023, kowane ƙarin fasinja abincin gidansa ne. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa rigar kariya, amma mashigai sun fi ma'aikatanta yawa nesa ba kusa ba. Ku da Allah ya ba zaɓi, ya ba karatu, ya ba iyayen da ake jin maganarsu, hakkin waɗannan mutane yana wuyanku. Ɗan bautar ƙasar da aka tura garin bakin ruwa zai iya sa aikinsa na taimakon al'umma ya zama tara riguna ne ga 'yan makarantar da ke fito kullum. Wannan ya fi fentin allon sanarwa amfani.

Rigar kuma sai an sa ta daidai. A zura, a ɗaure igiyoyinta duka, a ja su tsuke, domin sakakkiyar riga tana zamewa ta kai da zarar an faɗa ruwa. Ba matashin zama ba ce, ba kuma a riƙe ta a hannu sai abu ya faru, lokacin babu sarari. Ta manya ba ta yi wa yaro. Ku sauke jakar goyo daga baya, ku kwance igiyar manyan takalman nan na 'yan bautar ƙasa. Kada ku miƙe don ɗaukar hoto, kada kuma kowa ya ruga gefe ɗaya don an ce ga dorina, ƙaramin jirgi da haka yake kifewa. In abin da ba a so ya faru kuma jirgin bai nitse ba, ku riƙe shi, ya fi sauƙin hangowa a kan kai ɗaya a cikin ruwa. In wani ya faɗa, kada wanda bai ƙware ba ya bi shi, domin mai nitsewa yana danne mai cetonsa. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarkar da ba komai a ciki, murfinta a rufe.

Masu shiga manyan jiragen yawo, ku kwantar da hankalinku, naku ya fi kowanne tsari. Bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, wanda ya ci mutum 32, an tsaurara doka cewa a yi wa fasinjoji atisayen gaggawa kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Ku halarta, ku saurara, ku san inda za ku taru da hanyar da za ta kai ku can daga ɗakinku. Sauran kuma ku ci abinci ku sha iska, ku tambayi ma'aikata ina alƙibla take, don jirgi yana juyawa.

Saura iyo. 'Ya'yan Sarkawa a Yawuri da na masuntan Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, suna koyonsa tun suna ƙanana, ba don jininsu daban ne ba, don an sa su a ruwa ne an koya musu. Mu a nan muna da wuraren wanka a otal-otal da kulob-kulob, har da cikin wasu gidaje, amma yawancinmu iyakarmu zama a gefe mu tsoma ƙafa. Makonni kaɗan tare da mai koyarwa sun isa mutum ya iya tsayawa a saman ruwa ba tare da firgita ba, wannan kuwa shi ne ke ba mai ceto lokacin isowa.

Na fi matsa wa 'yan matanmu a kan wannan, domin in kun bi labaran haɗurran da na ambata za ku ga mata da yara ne suka fi yawa a cikin mamatan. Zani da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, ga goyo a baya, ga shi ba a taɓa koya musu ba. Babu abin da ya hana a keɓe wa mata lokacinsu, a rufe wuri, mace ta koya musu cikin sutura. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku je wa iyayenku da maganar tare, ku nemi su yi magana da masu wuraren, a tsayar da rana a cikin hutun ƙarshen zangon nan.